Yadda za ki kula da fatarki da gashinki a Maradi ba tare da kin yi faɗa da halittarki ba

A shekara guda fatar mace a Maradi yanayi uku take gamuwa da su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke kaɗawa, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, ƙwauri ya yi furu-furu. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, zufa ta kwanta ƙarƙashin hijabi, ƙurajen zafi su feso a wuya da baya. Damina ta zo da sauro da danshi da ƙyasbi. Man da ya yi miki daidai a Janairu shi zai toshe miki fuska a Afrilu, don haka duk wadda ta ce miki ga kwalba ɗaya ta shekara, ciniki take nema.

Kusan duk abin da zan lissafa ana samunsa a Babbar Kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, wani ma yana madafarku. Abin da za ki fi kashewa lokaci ne. Sabuwar fata kan ɗauki kimanin mako huɗu kafin ta taso daga ƙasa ta maye wadda ta mutu, saboda haka kada ki yanke wa kowane gyara hukunci kafin wata guda. Abin da ya canza miki launi cikin kwana bakwai kuwa, ɓarna ya fara.

Mataki na farko: zazzage kayan shafarki a tabarma

Kafin ki sayi komai, fito da duk abin da kike shafawa, har da wanda kika ɓoye a ƙasan akwati. Ki zauna inda haske yake, ki juya kowace kwalba ki karanta bayanta. Idan kin ga an rubuta hydroquinone, ko clobetasol, ko betamethasone, ko mercure, ko calomel, ki ware ta gefe. Haɗin da aka zuba miki a roba ko gwangwani babu takarda, wanda mai sayarwa ta ce sirrinta ne, shi ma ya bi su, ya ma fi su zama abin tsoro tunda ba mai iya faɗa miki abin da ke ciki.

Ga abin da suke yi. Na farkon, hydroquinone, yana hana fata yin sinadarin da ke ba ta duhu, wanda shi ne garkuwarta daga rana. Idan aka daɗe ana shafa shi, sai kunci da goshi su yi wani baƙi-baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani. Na biyu da na uku dangin kortizon ne, magungunan kirci da kumburi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci a ɗan wuri. In aka mayar da su man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Suna kuma ratsa fata su shiga jini, su tayar da hawan jini da ciwon sukari. Biyun ƙarshe zaiba ce, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayukan bilicin tun 2015, kuma a 2023 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, wato yarjejeniyar duniya kan zaiba, sun amince a daina sa zaiba cikin kayan kwalliya baki ɗaya daga 2025. Duk da haka kaya na shigowa ta iyaka, kuma akwai kwalaben da ba a rubuta gaskiyar abin da ke cikinsu ba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce jikinki: fuska ta yi haske, gaɓoɓin yatsu da gwiwa da idon sawu sun tsaya da duhunsu.

Idan kwanan nan kika fara, ki daina kawai. Idan kin yi watanni kina mulka shi a jiki duka, musamman mai kortizon, ki ɗauki kwalbar ki kai asibiti a tsara miki yadda za ki rage a hankali, domin jiki ya riga ya saba da shi. Ki kuma shirya wa abin da zai biyo baya: ƙaiƙayi, raɗaɗi, ƙuraje, da duhun da zai dawo, wani lokaci ya fi na da, na makonni ko watanni. A daidai nan ne yawancin mata ke komawa. Ba alamar kin yi kuskuren dainawa ba ce, fata ce ke sake koyon aikinta. Mai ciki ta faɗa a wurin awo cewa tana shafa irin wannan mai, wadda za a yi wa tiyata ta faɗa wa likita, saboda ɗinki ba ya kama siririyar fata da kyau.

Mataki na biyu: wanka da mai

Ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, ko da sanyin Janairu ya sa ranki na son tafasasshe. Ruwan zafi yana wanke maiƙon da fata ke yi wa kanta. Sabulun salo yana da kyau amma yana da kaifi: ki murza shi a tafin hannu ya yi kumfa, kumfar za ki shafa, ki ɗauraye nan take, kada ki bar shi ya bushe a fuska. Sabulun wanki da garin wanki ba na jiki ba ne. Soso mai kaushi kuma ba ya cire duhu, gurzar ma ita ke ƙara wa wuya da hammata baƙi.

Lokacin shafa mai ya fi irin man muhimmanci. Da kin fito, ki ɗan dangwale ruwan da tawul, ki shafa tun jiki na da laima, cikin ƴan mintoci. Man kaɗe na gaske, mai ɗan rawaya ko fari-fari da ƙamshinsa na hayaƙi-hayaƙi, ya ishe ki. Ki ɗebi kamar ƙwayar gyaɗa biyu, ki narkar a tafin hannu, ki bi ƙafa da hannu da gwiwa. In ya yi tauri da hunturu, ki sa robar cikin ruwan ɗumi, ki zuba masa ɗan man riɗi ki juya. Da bazara ki rage shi sosai, ki bar shi ga ƙafa da gwiwar hannu.

Alwala sau biyar a iskar hunturu tana busar da hannu da fuska fiye da yadda ake zato. Ki ajiye ɗan gwangwanin mai kusa da inda buta take, bayan sallah ki shafa a bayan hannu da leɓe. Lasar leɓe ƙara tsaga shi take yi.

Rana kuwa, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma ta fi cizo. Baƙar fata tana da kariyarta, amma rana ce ke sa tabon ƙurji ya daɗe bai goge ba. Lema, inuwa, da hijabi mai sauko wa goshi suna taimakawa. Wadda take da hali ta sayi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama a farmasi, ga wadda ta daina bilicin kuwa wannan kusan dole ne.

Mataki na uku: fuska da ƙurajenta

Wanke fuska sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da hannu. Kada ki kwanta da hoda. Ki riƙa wanke rigar matashi da hular da kike sawa ƙarƙashin hijabi duk mako, domin ƙurajen da ke jeruwa a gefen fuska da haɓa sau da yawa daga zufa da gugar bakin hijabi suke. Man gashi ma in yana gangarowa goshi yakan haifar da nasa.

Kada ki matse. Na san hannu ba ya jin magana, amma ƙurji kan tafi cikin kwanaki, tabon matsa a fatarmu kan yi watanni. Man goge baki ba maganin ƙurji ba ne. Lemun tsami a fuska, sannan a fita rana, yana ƙona fata ya bar baƙin tabo, garin neman gira a rasa ido. Idan ƙurajen sun yi yawa, akwai maganin shafawa a farmasi da ake rubuta wa benzoyl peroxide, ki fara da mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5, ɗan kaɗan da dare, ana tsallake kwana a farko. Yana busar da fata, yana kuma koɗar da launin zane, don haka ki kiyaye atamfarki mai tsada. Sai an yi mako shida zuwa takwas ake ganin aikinsa. Manyan ƙuraje masu zafi a cikin nama, ko ƙuraje tare da gashin haɓa da rikicewar al'ada, na likita ne.

Dilka ba laifi, sau ɗaya a mako ko mako biyu, amma ki tambayi mai yi abin da ta zuba, don akwai masu matsa bututun man bilicin a ciki su ce kurkum ne ya yi aiki. A gida, garin shinkafa mai laushi da cokalin kindirmo da ɗan zuma ya wadatar, a shafa a hankali, a wanke bayan minti goma. Ba a gurza fuskar da ke da ɗanyen ƙurji.

Mataki na huɗu: maganar jiki

A nan zan daɗe, don a nan ne ɓarnar ta fi yawa kuma ba a cika faɗa ba.

Ɗiyar wana ta zo wurina daga ƙauye don karatu. Doguwa ce, baƙa, siririya, irin jikin dangin uwarta. A wani biki wata mata ta kama damtsenta gaban jama'a tana dariya, ta ce da ni, “Hajiya, ba ku ba ta abinci ne? Wa zai kwashi wannan tsinke?” Aka yi shewa aka wuce, matar ma ƙila kafin magariba ta manta. Yarinyar ba ta manta ba. Ta fara sa zane biyu ƙarƙashin siket. Ta daina shiga hoto, in an matsa mata sai ta tsaya can baya ta rufe rabin fuska da mayafi. Daga baya kumatunta suka cika, maƙwabta suna ta yaba cewa birni ya karɓe ta. Amma ƙafafunta suna nan yadda suke, wuyanta ta baya ya yi tudu, tana kwana tana juyi, da safe ta kasa tashi lakca. Ranar da muke canza shimfiɗa, wata leda ta faɗo daga cikin rigar matashinta, an ɗaure bakinta da zare, ƙananan ƙwayoyi kala biyu a ciki, babu kwali, babu suna.

Na ce, “Ɗiyata, mene ne wannan?”

Ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta ce, “Gwaggo, na gaji ne da a riƙa kallona ana dariya.”

Ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe, galibi biyu ne. Ɗaya deksametazon, shi ma dangin kortizon, ɗayan siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki ya sa barci. Abin da deksa ke kawowa ba cikar lafiya ba ce. Ruwa yake tarawa, ya tattara kitse a fuska da ciki da bayan wuya, ya zaizaye naman cinya da damtse, wato daidai wuraren da yarinya ke son su cika. Yana raunana ƙashi, yana taɓa ciki, yana rikita al'ada, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Ga muhimmin abu: wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke rana ɗaya, don jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa kwatsam kan iya jefa mutum cikin mummunan hali har ya suma. A asibiti aka tsara wa ɗiyata yadda za ta sauka kaɗan-kaɗan, kumburin ya sace, ta koma siririyarta. Ba zan ce ranar ta yi murna ba. Ta yi kuka, kuma ta daɗe kafin ta sake tsayawa gaban kyamara.

Idan ramarki ta gado ce, kina cin abinci, kina al'ada daidai, kina aikinki ba gajiya, to lafiyarki lau. Dubi innarki da gwaggonninki a hotunansu na ƴanmatanci. Idan kuwa rama ce sabuwa, tare da tari da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko bugun zuciya, ko gudawa mai dawowa, gwaji kike buƙata kafin komai.

Mai son ƙara nauyi ta hanyar da ba cuta, ai a garin gyaɗa da aya take. Ki ci gaba da cin abinci sau uku yadda kika saba, ki ƙara biyu a tsakani: kunun gyaɗa da hantsi, fura da nono mai kauri da la'asar, ko dabino da soyayyar gyaɗa, ko kunun aya. Ki sa ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ki ci wake, ƙwan zabi in damina ta kawo shi. Kada ki cika ciki da ruwa ko lemun kwalba kafin abinci. Rabin kilo a mako shi ne saurin da ya dace, kuma inda zai zauna a jikinki gado ne ke yankewa, babu abinci ko man shafawa da ke aika kitse ƙugu ko ƙirji. Allura da abin matsi da ake tallatawa don haka, ki nisance su.

Ita ma mai jiki ba ta tsira ba, don bakin da ya ce wa waccan tsinke shi zai ce wa wannan buhu. Kada ki yi horon yunwa, kada ki sha shayin da aikinsa gudawa ne, ruwa kawai yake zubarwa. Ki rage sukarin shayi da lemun kwalba da soye-soye, ki ƙara ganye a kwano, ki yi tafiyar minti talatin da sanyin safiya ko bayan la'asar. Nankarwa a cinya lokacin girma, da nono ɗaya ya ɗan fi ɗaya, da ciki ya ɗan taso bayan cin tuwo, duk halitta ce da kusan kowace mace ke da ita ƙarƙashin zane.

Wani abu da ke dusashe fuska wanda hoda ba ta rufewa shi ne ƙarancin jini, kuma ya yi yawa a ƴanmata saboda al'ada. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a madubi, in cikin ya yi fari-fat, ga jiri da kasala, a auna jininki. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa, a haɗa da lemu ko tumatir ko gwaba. Shayi mai ƙarfi daf da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin abincin, ki ba shi tazarar awa guda.

Mataki na biyar: gashi

Gashi kimanin santimita ɗaya yake tsiro a wata, kuma zubar silli 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Shi ya sa ranar tsifa kike ganin dunƙule a mataji, na makonni ne ya taru. Babu man da zai ninka wannan sauri. Abin da za ki iya shi ne hana shi karyewa.

Ki jiƙa busasshen karkashi cikin tafin hannu ɗaya a ruwan ɗumi na kamar minti ashirin har ya saki yauƙi, ki tace. Ki raba gashi gida huɗu, ki shafa yauƙin, ki warware da yatsu, sannan babban mataji daga baki zuwa tushe. Ki wanke fatar kai da tafin yatsu, ba da farce ba. Bayan ɗauraya, ɗan man kaɗe a jikin gashin, musamman bakinsa. Ki bari ya bushe sarai kafin ki ɗaura kallabi ko ki sa hula, jiƙaƙƙen gashi ƙarƙashin hijabi shi ke kawo wari da ƙaiƙayi da amosani.

Wurin kitso ki buɗe baki ki yi magana. Idan kin tashi girarki a ɗage, ko kin kasa ɗora goshi ƙasa da daɗi a sallar isha'i, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin gashi washegari, an ja da yawa. Ja na yau da gobe shi ke cinye gashin goshi, kuma in tushen ya mutu ba ya dawowa. Ki ce da mai kitso, “Yaya, a sassauta mini gaba, a bar ƙananan nan.” Ki riƙa sauya salo, kada kullum shuku ya ja wuri ɗaya. Mai sa man miƙar da gashi ta bar aƙalla mako takwas tsakani, a sabon tsiro kawai, kuma raɗaɗi alamar ƙuna ce, a wanke nan take. Kanwa ba ta da aiki a kai.

Mataki na shida: ƙafa, lalle, kwalli

Faso da kaushi: ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma sha biyar da dare, ki goge da dutse a hankali, ki shafa basilin da kauri, ki sa safa ki kwana. Kada reza ta taɓa dunduniyarki. Silifas a ƙurar hunturu shi ke mayar da aikin baya. Mai ciwon sukari ta nuna duk tsagewar ƙafa a asibiti.

Lallen gargajiya ja yake kamawa, ko ja mai duhu in ya kwana, kuma yana son awanni. Baƙin da ke kamawa wuluk cikin rabin awa rinin gashi ne a ciki, kuma sinadarinsa kan sa wasu fata ta kumbura ta yi ruwa daidai bisa zanen, kwanaki bayan an yi. Wadda ya taɓa yi wa haka, ko sau ɗaya, ta bar shi har abada, ta kuma kiyayi rinin gashi. Jarirai ba a sa musu lalle.

Kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dalma ce. Dalma ba ta da ɗan kaɗan mai aminci, ta fi kuma cutar da ƙwaƙwalwar yara da ɗan tayi. Ki sayi na fensir mai takarda, kada ki yi tarayya da kowa a kansa, kada a ɗiga wa jariri na dutse a ido ko a cibiya. Humra da turare a tufafi suka fi zama lafiya da a wuyan da rana za ta doka, turaren wuta kuma a ɗakin da taga take buɗe.

Mataki na bakwai: waya, madubi da bakin mutane

Kyamarar gaba ba ta nuna fuskarki yadda mutane ke ganinta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka gwada da na nisan mita ɗaya da rabi. Ƙara da tacewar da TikTok da Snapchat ke yi, su share ƙofofin gashi, su haska fata, su rage haɓa. Ki gwada wannan: ki ba ƙawarki waya ta ja baya taku biyu, a inuwar bishiya da safe, ba tacewa. Sannan ki bi jerin waɗanda kike kallo, duk wadda in kin gama kallonta sai kin ji kin tsani kanki, ki cire ta, ko da ba ta yi miki laifin komai ba. Wayar ta kwana nesa da matashi. Budurwa mai tasowa barcin awa takwas zuwa goma take buƙata, kuma rashinsa a ƙasan ido yake fara fitowa.

Madubi ki ba shi aiki da lokaci: ki tsaya nisan hannu, ki gyara abin da kika zo gyarawa, ki tafi. Manna fuska a gilashi ana neman aibi ba ya ƙarewa da alheri. Tufafi kuma ki kai wa tela jikin da kike da shi yau ya auna, kada ki ajiye atamfa sai kin yi ƙiba ko sai kin rame.

Masu magana ba za su daina ba, don haka ki tanadi amsa tun a gida. Ga babba: “Haka Allah ya yi ni, Inna, kuma lafiyata lau, alhamdu lillahi,” ki sauya zance zuwa gaisuwar jikoki. Ga sa'arki: “Jikina ba abin hira ba ne.” Ga mai tallan haɗi: “Na gode, ba na shafawa.” Ba sai kin kawo hujja ba. Mu manya kuma, iyaye da gwaggonni da yayye, da bakinmu ake fara wannan ciwo, da sunan wasa. In ɗiyarki ta zo miki da leda irin waccan, faɗa da gori za su sa ta sake maɓoya ne kawai. Ki tambaye ta wa ya ce mata me, ki raka ta asibiti.

Akwai inda abin ya wuce gyaran gida. Idan kina ƙin abinci ko kina sa yatsa ki amayar, idan al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki ba, idan kin daina zuwa makaranta ko biki don kada a gan ki, idan tunanin wani sashe na jikinki yana cinye miki awanni kullum, ko kin fara jin gara ba ki da rai, ki faɗa wa babbar da kika yarda da ita yau, ku je ku ga ma'aikacin lafiya tare. Ciwo ne da ake magani.

Idan biki ko sallah na tafe

Ki lissafa daga baya. Duk sabon abu, mai ne ko sabulu ko hoda, ki gwada shi wata guda kafin ranar, a cikin damtse tukuna, ki jira kwana biyu ki ga ko zai yi ja ko ƙaiƙayi. Halawa da dilka su kasance saura kwana biyar zuwa bakwai, don jan da ƙananan ƙurajen su kwanta, kuma wadda fatarta ta yi siriri da man bilicin kada ta yi halawa sam, tana iya ɗaye fatar. Kitso saura kwana uku, ya saki kafin a ɗaura gwaggwaro a kai. Lalle saura kwana biyu, lokacin ne launinsa ke nuna sosai. Hoda ki gwada ta a gefen haɓa a hasken rana, ba a bayan hannu cikin shago ba, ki ɗauki wadda ta ɓace a fatarki. In mai kwalliya ta ɗauko wadda ta fi ki haske, ki ce ta dubi wuyanki ta daidaita, ki kuma tafi da soson hodarki da kwallinki daga gida.